Leda a Hanyar Ruwa: Darasi Domin Mutanen Zongo

Mai karatu, in an yi ruwan sama da dare, tashi da sassafe ka fita ƙofar gida tun ba a yi shara ba. Bi hanyar da ruwan ya bi. Za ka ga ya bar maka shaida a gindin kowane bango da kowace itaciya: baƙar leda, ledar ruwan sha, gorar lemo, yagaggen silifa, tsohon batir, ƙyallen jariri irin na kanti. Ruwa bai kawo waɗannan daga wata ƙasa ba. Daga gidajenmu suka fito, da shagunanmu, da wurin mai koko da mai shinkafa da wake.

Wataƙila ka ce, me ya haɗa asibiti da shara? Abin da ya haɗa mu shi ne ɗakin yara. Daga watan Yuli zuwa Oktoba gadajensa ba sa isa. Zazzaɓi, amai, gudawa, sai kuma yaro da ƙafa a kumbure don ya taka fasasshiyar kwalba cikin taɓo. Muna ba da magani, yaro ya warke, ya koma gida ya tarar da ruwan nan kwance a inda ya bar shi. Saboda haka wannan darasi ba na allura ba ne. Na ƙirga ne, da na hannu.

INA LEDAR TAKE ZUWA?

Wagadugu gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu sosai. Ruwa ba ya gudu da sauri a cikinsa, abu kaɗan ke tsayar da shi. A tsakiyar gari akwai manyan magudanai na siminti, kamar magudanar Mogo Naba da ta Zogona. Amma a unguwa irin Zongo, inda ba a yanka filaye ba a wurare da yawa, hanyar mutane ita ce hanyar ruwa. Sai kuma kududdufai, inda aka haƙi ƙasa aka yi tubali. Da rani juji ne, da damina tafki.

Ruwan da ya samu ya wuce yakan gangara zuwa madatsun ruwa uku na gari, waɗanda muke kira baraji na ɗaya, na biyu da na uku. Daga can ya ratsa dajin Bangr-Weogo, ya faɗa rafin Masili, Masili ya zuba a kogin Nakambe. Nakambe shi ne mutanen Gana ke kira Farin Volta. Yana wuce madatsar Bagre, ya ƙetare iyaka, ya shiga tafkin Volta, ya sauka ta Akosombo, ya gamu da teku a garin Ada. Mu ba mu da bakin teku, amma ruwanmu yana da shi.

Sai dai a faɗi gaskiya: yawancin ledar da ka jefar ba za ta ga teku ba. Tafiyar da nisa, madatsun da ke hanya suna tare ta, taɓo yana binne ta. Yawancinta a nan kusa take tsayawa, a ƙarƙashin gada, a bakin kwalbati, a lambunan salak da kabeji da ke gefen baraji, a cikin tumbin akuyarka. Wato dai mu muka zubar, mu za mu zauna da ita.

Wanda ya kai shekaru yana tuna ranar 1 ga Satumba 2009. A yini guda aka yi ruwa sama da milimita 260 a Wagadugu, kusan sulusin ruwan shekara. Mutane wajen 150,000 abin ya shafa, gidajen ƙasa suka narke, aka kwana a makarantu. Babban asibitin Yalgado Wedraogo ma ruwa ya shige shi, sai da aka kwashe marasa lafiya. Ruwa irin wannan ko magudanai a share suke sai ya yi ɓarna, kada wani ya ce maka leda ce kaɗai ta jawo shi. Amma magudanar da ta cika rabi da shara, rabin ruwa za ta ɗauka. Sauran rabin ɗakin wani zai shiga. Mutanen Akra sun ga irin wannan ranar 3 ga Yuni 2015, sa'ad da magudanai suka toshe, ruwa ya cika gari, gobara ta tashi a gidan mai, mutum wajen 150 suka rasu.

YADDA LEDA KE ZAMA CUTA

Leda ba ta da ƙwayar cuta a jikinta. Aikinta shi ne ta riƙe ruwa, ruwan kuma ya yi sauran.

Sauro yana ƙwai a cikin ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a zafi irin namu, kwana 7 zuwa 10 ne. Riƙe wannan lissafi, don shi ne tushen dukan abin da za mu faɗa a gaba. Ruwan da ya bushe ko aka zubar kafin mako ya cika bai haifi sauro ba. Wanda ya kwana goma ya haifa.

Sauro kuma ba iri ɗaya ba ne. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, yana son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa, irin wanda ke taruwa a bayan toshewar shara. Akwai mai yawan kuka a kunne, mai son ruwa mai wari na masai da kwata. Akwai kuma na uku, baƙi mai farin zane a ƙafafu, mai cizo da rana, musamman da safe da yamma. Shi ke kawo zazzaɓin dengi, wanda mutanen gari ke kira palu dengi. Wannan ba ya neman tafki. Tsohuwar taya ta ishe shi, ko gindin gora da aka yanke, ko gwangwanin tumatir, ko ledar ruwa da ta naɗe ta riƙe abin da bai fi cokali uku ba. Ƙwansa yana manne a jikin robar, yana iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Dengi ya ɓarke a Wagadugu a 2016 da 2017, ya dawo da ƙarfi a 2023, nan da Bobo-Julaso, ya kashe ɗaruruwan mutane. Gidan sauro yana tsare ka da dare, kada ka bar shi. Amma ba zai tsare yaron da ke wasa a tsakar gida da hantsi ba. Abin da zai tsare shi shi ne a kife robar.

Sai maganar da ba a son faɗa. Inda masai bai wadata ba, wasu sukan yi bayan gida a leda su ƙulle su jefa. Haka ƙyallen jariri na kanti. Ruwa ya kwaso, ya fasa, ya baza a hanyar da yara ke wasa ba takalmi, ko ya kai bakin rijiya. Ta nan gudawa da zazzaɓin taifot da tsutsar ciki ke yawo daga gida zuwa gida. Ba don kunyata kowa muka faɗi wannan ba. Mai ƙirga shara zai gamu da shi, gara ya sani tun yanzu.

Wasu sukan ce, to a ƙone mana. Da yamma za ka ga hayaƙi a bakin kowane juji, har mata suna hura gawayi da guntun leda don yana kamawa da wuri. Hayaƙin roba guba ne. Yana tayar da asma, yana sa tari da jan ido, jariri da tsoho su suka fi shan wahalarsa. Uwar gida, in za ki hura wuta ki nemi ƙirare ko takarda. Jaririn da ke bayanki yana shaƙar abin da kike shaƙa, ƙirjinsa kuwa bai kai naki ba.

Maganar dabbobi kuwa, tambayi mahauci. Tunkiya tana jin ƙanshin mai ko gishiri a leda ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi. Dabba tana ci tana ramewa, cikinta a kumbure, mai ita yana sayen magani a banza. Ranar da aka yanka sai a ciro dunƙule kamar ƙwallo. Wanda ya yi wata shida yana kiwon ragon Layya ya san abin da wannan ke nufi a aljihu.

ME YA SA ZA A ƘIRGA?

An sha yin gayyar shara a unguwa. A fito ranar Asabar, a kwashe, a ɗauki hoto, bayan mako uku wurin ya koma yadda yake, kowa ya ce ai aikin banza ne. Dalili shi ne an kwashe ba a san abin da aka kwashe ba. Likita ba ya ba da magani sai ya auna. Shara ma haka take.

A ƙasashen bakin teku an daɗe da gane wannan. Tun 1986 aka fara a jihar Texas ta Amurka, yanzu ana yi a ƙasashe da yawa kowane watan Satumba: masu kwasar shara a bakin teku suna riƙe da takarda, duk abin da suka tsinta su rubuta irinsa da yawansa. Da irin wannan takarda ake zuwa gaban hukuma a ce, ga abin da ya fi yawa, ga inda yake fitowa. Ba ya bukatar na'ura. Littafin ɗan makaranta da biro sun isa.

Ga yadda za ku yi. Ku haɗu mutum huɗu ko biyar, maza da mata. Ku zaɓi wuri ɗaya inda ruwa ke bi: gefen kududdufi, ko bakin kwalbati, ko lungun da ke zama rafi da damina. Mutum ɗaya ya auna taku 50, a sa alama a farko da ƙarshe, da dutse ko fenti a bango. Kada ku yi kwaɗayin wuri mai tsawo. Taku 50 da za ku iya komawa kowane mako ya fi taku 500 da za ku yi sau ɗaya ku gaji.

Ku shimfiɗa buhuna a ƙasa, kowane iri da buhunsa. Baƙar leda da fara ta cefane wuri ɗaya. Ledar ruwan sha dabam, don ita labarinta dabam ne. Goruna da murafunsu. Ƙananan ledoji na omo, madara, biskit da barasa. Sai duk abin da ke riƙe ruwa, taya, gwangwani, fasasshen bokiti: waɗannan kafin ku zubar da ruwan ku leƙa ciki. In kun ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ƴaƴan sauro ne, ku rubuta a gurbi nasu. A wurinmu wannan gurbi ya fi kowane muhimmanci.

Mai rubutu ya ja layi ɗaya a kan kowane abu, huɗu a tsaye, na biyar ya gicciye su, don haɗawa ta yi sauƙi. In babu mai karatu a cikinku ba komai. A zana hoton abin a kan shafi, ko a riƙa jefa tsakuwa a kwano, tsakuwa ɗaya ta tsaya a madadin goma. A saman shafi a sa kwanan wata, a kuma rubuta ko an yi ruwa cikin kwana biyun da suka wuce.

Bayan ƙirga sai a kwashe duka. Wannan shi ne inda mutane ke kuskure. In kun ƙirga kun bari, mako mai zuwa tsohuwar za ku sake ƙirgawa. In kun kwashe tas, abin da kuka tarar bayan kwana 7 shi ne sabon da unguwa ta zubar a mako guda. Lissafin ranar farko zai yi yawa ƙwarai, tarin shekaru ne, kada ya tsorata ku, kada kuma ku gwada shi da sauran. Daga mako na biyu ake fara gwadawa. Kwana 7 ɗin nan kuma ba a banza muka zaɓe shi ba, ka tuna da lissafin sauro.

Lissafi yana iya ruɗin mutum. A ce wannan mako kun sami ledar ruwa 200, mako mai zuwa 60. Kada ku yi murna tukuna. Duba saman shafi. In an yi ruwa mai ƙarfi jiya, ba raguwa ta yi ba, gaba ta yi, tana lambun wani. Haka in an yi biki ko suna a lungun, ko watan azumi ne ana shan ruwan sanyi da yamma, lissafi zai hau. Da hunturu iska ke kawo baƙar leda daga nesa ta rataye ta a ƙaya. Saboda haka mako ɗaya ba ya faɗin komai. Wata uku yana faɗi. Rana ɗaya, wuri ɗaya, tsawo ɗaya, in da hali mutanen ma su ne dai.

In akwai gada kusa da ku, akwai wani ƙirgan mai sauƙi. Bayan ruwa ya tsaya, ruwan ƙasa ya lafa, babba ɗaya ya tsaya a kan gada da agogon waya, ya ƙirga duk robar da ta wuce ƙarƙashinsa cikin minti 10. Daga sama kawai. Ba a shiga ruwa mai gudu don leda, ko da iyakar gwiwa ne, ba a kuma aiken yaro.

KIYAYE KANKA

Safar hannu mai kauri, takalmi rufaffe, manjagara da shebur. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne. Yara su riƙe littafi su yi lissafi, wannan zai amfane su a makaranta ma, amma hannunsu kada ya shiga juji. Mace mai ciki da mai gyambo a ƙafa su tsaya wajen rubutu. In kun ga allura ko reza, a ɗauka da abin kamawa a jefa a gora mai kauri a rufe, a kai asibitin unguwa. Ƙullin bayan gida da ƙyallen jariri ba a buɗe su, a ƙirga da ido, a kwasa da shebur. In an gama a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa goro ko abinci.

Wanda ƙarfe ko kwalba ta yanka, ya wanke wurin nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, ya zo a duba ko yana bukatar allurar tetanus. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko man birki. Wanda allura ta soka ya zo a ranar, kada ya kwana.

ABIN DA LITTAFIN ZAI NUNA MUKU

Bayan wata biyu ko uku ku zauna ku buɗe littafin. Iri ɗaya ko biyu za su fi sauran nesa ba kusa ba. Da su za ku fara, ku bar sauran tukuna.

A ce ledar ruwa ce. Yi wannan lissafi da kanka. Gidan da ake shan leda 10 a yini, a wata 300 ke nan, a shekara 3,650. Lungu mai gida 50 irin wannan, 182,500. A dala biyar kowace ɗaya, gida guda ya kashe sefa 91,250 a shekara. Ba mu ce a daina shan ruwan leda a koma ruwan da ba a san asalinsa ba, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Amma ruwan famfon ONEA da aka ɗebo a jarka mai tsabta, aka zuba a randa mai murfi da moɗa ɗaya mai hannu, ruwan sha ne, yana kuma da sanyinsa. Ledar da aka riga aka sha kuwa, a rataye buhu a ƙofar shago da wurin mai shayi da ƙofar masallaci da coci. Ledar ruwa tana cikin robar da masu narkarwa ke karɓa in an tara ta dabam ba ta cuɗe da ƙazanta ba.

In baƙar leda ce, maganar ta koma kasuwa. Kakanninmu sun yi cefane da kwando da ƙwarya, ba su rasa komai ba. Yaron da aka aika sayen koko ya tafi da kwano mai murfi. Abinci mai zafi a leda dama ba mu son sa. Mai shago kuma ya daina ba da leda don ashana ɗaya.

Doka tana bayanku a nan. Tun watan Mayu 2014 Burkina Faso ta hana yi da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa. Dokar ta bar ƙofa ga wadda aka ce tana ruɓewa, sai kasuwa ta cika da leda mai tambarin haka. Yawancin irin wannan ba ta zama ƙasa kamar ganye, farfashewa take yi ta zama ƙanana, akuya kuwa ba ta karanta tambari. A ƙarshen 2024 aka yi sabuwar doka mai tsanani, ta fara aiki a 2025. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, a can an ga bambanci don an bi doka har cikin kasuwa. Ko tamu ta kama, littafinku zai gaya muku kafin rediyo ya faɗa. In baƙar leda tana raguwa a taku 50 ɗinku wata bayan wata, ta kama. In ba ta raguwa, kuna da abin nunawa.

Sai babbar tambaya: buhunan da kuka cika, ina za a kai su? In aka juye su a kududdufi na gaba, an yi wahalar banza. Gari yana da babban wurin tara shara a Polesgo, akwai kuma masu amalanken jaki da masu babur mai ƙafa uku da ke kwasa gida gida a biya su a wata. Matan nan masu koren kaya da ke share manyan tituna da asuba suna wannan aiki tun 1995, amma tsintsiyarsu ba ta zuwa lungunan Zongo. A wasu lungunan ma amalanke ba ya shiga. Nan ne littafin zai yi muku aikin da baki ba ya yi. Wanda ya je ofishin magajin gari ya ce unguwarmu ta yi datti, za a ce masa an ji. Wanda ya je da mai unguwa da limami da shugabar mata, ya ajiye littafi ya ce, ga mako 12, ga buhu kaza kowane mako daga taku 50, ga yawan robar da muka samu da ƴaƴan sauro, muna neman wurin ajiyewa da ranar da za a zo ɗauka, wannan ya zo da magana mai wuyar turewa. Ku kai kwafi asibitin unguwa ma. Su suna da nasu littafin, na yawan masu zazzaɓi a kowane wata, sai a ajiye biyun gefe da gefe.

IN ZAZZAƁI YA RIGA YA SHIGA GIDA

Shara ba za ta warkar da wanda ya riga ya kwanta ba. Yaro ko babba da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jini cikin yini ɗaya, kada a tsaya sayen ƙwaya a bakin hanya. Tun 2016 ana duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki kyauta a asibitocin gwamnati. Kafin a isa, parasitamol kaɗai za a ba shi, da ruwa mai yawa. Kada a ba da asfirin ko ibuprofen ko diklofenak, don in dengi ne suna iya jawo zubar jini.

Dengi yana da wata yaudara. Zafin jiki yakan sauka a kwana na uku zuwa na bakwai, iyali su ce an samu sauƙi, alhali a lokacin ne haɗarin yake. In zafi ya sauka amma ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko jini a dasashi ko hanci, ko baƙin bayan gida, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi mutum ya yi laushi, a kawo shi nan take, ko tsakar dare ne. Mai jinya ya kwanta cikin gidan sauro har da rana, don kada sauro ya cije shi ya kai wa na kusa. Wani daga cikin gidan kuma ya zaga tsakar gida da bayan ɗaki da kan rufi a ranar, ya kife duk abin da ke riƙe ruwa, ya goge cikin randa da duro da soso kafin a sake cikawa.